Manhajar da Ta Cika Sauri

Mai shagon magani ya kira ɗan ƙanwarsa, wanda ya rubuta masa manhajar shagon, ya ce ta lalace.

Saurayin ya zo ya shigar da sunan wani magani, ya danna maɓallin adanawa. Nan take ya shiga.

"Kawu, lafiyarta ƙalau. Sauri na ƙara mata."

"Ai lalacewar ke nan. Da takan ɗan yi tunani. Yanzu kafin in ɗaga yatsa ta ce ta gama. Wa zai yarda?"

Saurayin ya zauna ya ƙara mata jinkiri, da 'yar da'ira mai juyawa.

Kawu ya gwada, ya zuba wa da'irar ido har ta tsaya.

"Yauwa. Allah ya yi maka albarka. Amma ka rage gaggawa a aiki."