Bindigar Baba Tobias

Dokas ta kulle bindigar ubanta a ɗakinta. Ta ce idonsa ya mutu, tunda ya harbe akuyar maƙwabci a bayan Nukkai yana zaton gada ce.

Shekara arba'in Baba Tobias yana farauta. Kwana biyu bai taɓa tuwonta ba. A na uku ya tasa ta gaba har shagon George, mijin ƙanwarta, inda aka girke wani akwatin wasa mai fuska irin ta talabijin.

"In na kasa abin yaran nan, riƙe bindigar. In na ci, yau ki ba ni kayana."

"Na yarda, Baba. Ka kashe su duka."

George ya matso. "Baba, na ƙasan nan jirginka ne. Wannan sanda, hagu da dama. Jan maɓallin, harbi. Na sama dodanni ne, layi-layi suke saukowa suna jefo wuta. Ka laɓe bayan katangun nan. Harsashi ɗaya ne, sai ya sauka wani ke fita. In ko ɗayansu ya taka ƙasa..."

"Rufe min baki. Bindigar toka harsashi nawa take ci?"

Ya kama sandar. Bai yi ɓarin wuta ba. Inda dodo zai iso yake harbi, ba inda yake ba. Ya leƙo, ya kayar, ya koma bayan katanga. Layi ya zube, wani ya bi. Dokas ta matso kusa.

Saura ɗaya. Sai tsoho ya ɗauke hannu. Tun yana yaro ubansa ya hana shi ƙarar da garke, kuma bai taɓa yi ba.

"Baba, harba!" in ji George.

"Ba a ƙarar da garke, sakarai."

Dodon ya ƙara gudu, hagu, dama, hagu, ya dira ƙasa. Wasa ya ƙare.

"Na bar shi da ransa, shi ne ya cuce ni? Wane marar tarbiyya ya ƙera wannan?"

Dokas ta miƙo mabuɗi. "Baba, na gani. Idonka lau. Je ka ɗauka."

Ya dubi mabuɗin, bai karɓa ba.

"Me na ce in na kasa? Yaushe kika ji na yi magana biyu?"

Ya zabga wa akwatin sandar da yake dogarawa, ya fice.