Murar Inna

Maigidana matuƙin jirgin sama ne, abokan aikinsa kuma Lasifika suke ce masa saboda bakinsa ba ya shiru. Ranar da ƙungiyar matuƙa ta zauna da shugabannin kamfani kan sabuwar yarjejeniyar aiki, mutum takwas aka shirya za su tashi su yi magana kan ƙarancin hutu. Shi kaɗai ya tashi. Ya gaya wa manaja ido da ido cewa matuƙi ba janareta ba ne da za a kunna a manta da shi. Sauran bakwai ɗin kuwa suka duƙufa kallon takalmansu.

Ba a kore shi ba, manajan ya fi haka wayo. Sai aka jefa shi cikin masu jiran kira, wato waɗanda ke zama a gida cikin shiri, in wani matuƙi ya kasa fita a kira su. Shi ne na uku kuma na ƙarshe a jerin, don haka wayarsa ba ta taɓa yin ƙara ba. A dokar aikinsu kuwa, wanda ya yi kwana casa'in bai tashi ya sauka sau uku ba sai ya koma gwaji. Mai gwajin ƙanin matar manaja ne, ko yaro ya san ba zai bar shi ya ci ba.

Ni na sha wahalar zaman nan. Kullum yana cikin farar riga da hula, ya mai da gidana jirgi. Ba na fita daga kicin sai an bi takardar duba kaya ɗaya bayan ɗaya, irin ta matuƙa.

“Gas?”

“A kashe.”

“Ba ki duba ba. Ki duba, ki taɓa, sannan ki amsa.”

Abinci ma sai ya yi sanarwa cewa za mu sauka kan tebur nan da minti biyar, kowa ya zauna a kujerarsa. Nakan ji kamar in kwaɗa masa ludayi. Amma in jirgi ya wuce ta saman gida ya ɗaga kai ya bi shi da ido har ya ɓace, sai tausayinsa ya kama ni.

Ana saura kwana biyar casa'in ɗin su cika, Dogo ya zo lokacin da maigidan ya fita aski. Dogo na cikin masu kallon takalma, shi ke tuƙa ƙaramin jirgin kaya mai kai 'yan tsaki garuruwa uku a yini ɗaya.

“Uwargida, kunya ta hana ni sakat,” ya ce. “Jirgina sauka uku ne. Da zan kasa fita, ni da biyun da ke gabansa, da shi za a kira.”

“To ku ce ba ku da lafiya mana.”

“Likitan kamfani da tocila yake leƙa hanci da kunne. Ƙarya ba ta wucewa.”

Daidai nan surukata Inna ta saki atishawa daga ɗakinta, har labule ya motsa. Kwana biyu ke nan mura ta kwantar da ita. Dogo ya dube ni, na dube shi. Matuƙi ba ya tashi da mura, don kunnensa na iya toshewa wajen sauka.

Kawar da maigidan bai yi wuya ba. Dama ta taga yake gaida uwarsa saboda tsoron murar. Ina ce masa ta ƙaru, ya kwashi katifa da wayarsa ya koma gareji, har da manna takarda a ƙofa cewa ba a shiga.

Washegari Dogo ya shigo ta ƙofar baya da sauran biyun, Mai Gemu da Ɗan Gayu. Suka durƙusa suka kewaye gadon Inna.

“'Ya'yan nan, lafiyarku kuwa?”

“Lafiyar ce ta yi mana yawa, Inna,” in ji Dogo. “Don Allah ki ɗan yi tari ta nan.”

Da na yi mata bayani, ta gyara zama ta ƙare musu kallo.

“Au, ku ne kuka bar mini ɗa a tsaye shi kaɗai? Matso nan, kai mai turare.”

Ta yi wa Ɗan Gayu atishawa biyu a fuska, ya ce ya gode. Suka sha shayi a kofinta bi da bi, suka yi rigima kan wa zai tafi da hankicinta. Na kawo mata magani ta ture, wai yanzu tana bakin aiki.

Dogo da Ɗan Gayu suka kamu cikin kwana biyu. Mai Gemu kuwa kamar an sassaƙa shi da icce. Yini uku yana zuwa, ko ƙaiƙayin maƙogwaro babu, ga Inna ta fara samun sauƙi. Hankalina ya tashi ƙwarai, don in shi bai kwanta ba duk wahalar ta tashi a banza. Inna ta sa na jiƙa masa kai da ruwan firji, ta zaunar da shi gaban fanka tana masa tarin da ya rage mata. Ana gobe wa'adi zai cika ya kira ni da murya kamar ta kwaɗo, ya ce, “Uwargida, an dace.”

Da safe wayar gareji ta yi ƙara. Maigidana ya fito a guje, hula a karkace, bai ko tambayi gas ba.

Da yamma ya dawo, ya yi saukarsa uku, yana warin kaji, fuskarsa cike da murna, bakin kuma ya dawo aiki.

“Matuƙa uku da mura rana ɗaya! Wannan sakaci ne. Wallahi sai na tayar da maganar a taron ƙungiya.”

“Rufe mana baki,” in ji Inna. “Murata ce, ni na ba su. Durƙusawa suka yi suka roƙa.”

Ya sa ta maimaita, ta maimaita masa har da zancen fanka.

Washegari da hantsi na raka shi gidan Dogo da ledar lemo da citta. A mota ya shirya jawabi mai sassa uku, har ya gwada shi a kaina. Dogo ya buɗe ƙofa cikin bargo, hanci ja wur, ido na ruwa. Maigidana ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa. Shekara goma sha tara muna tare, ban taɓa ganin magana ta gagare shi ba sai ranar. Ya miƙa ledar kawai.

Dogo ya karɓa, ya ja hanci.

“Shigo mana, Lasifika,” ya ce. “Ai yanzu kana da kwana casa'in na yin mura.”