Shinkafar da Ta Kwana

Tun da Goggo ta dawo gidan ƙanenta da zama, kwandon sharar kicin ya shiga hutu. Ƙanen nata direban bas ne, matarsa kuma tana aiki a wani kantin takalma. Dukansu sammako suke yi, sai ya zama gida da girki da 'yarsu tilo suna hannun Goggo. Ita kuwa mace ce da ba ta iya ganin ƙwayar abinci a ƙasa ta wuce. Burodin da ya bushe takan tsoma shi a ƙwai ta soya. Kan kifi da ƙashinsa su zama romo. Dankalin da ya rage jiya ta murƙushe shi da albasa, ta mulmula, ta jefa a mai, ya fito kamar daga shago aka sayo.

Direba yakan tsokane ta yana suɗe hannu. "Yaya, wata rana tsintsiya za ki soya mana, mu ci mu ce a ƙaro."

"Kai ne da bakin magana?" in ji ta. "Da ƙanzon tukunya na rene ka, ga ka nan ka fi ƙofa faɗi."

Ba ƙari ta yi ba. Tana budurwa mahaifiyarsu ta rasu ta bar mata shi yana rarrafe. Wanke-wanke ta riƙa yi a wani gidan sayar da abinci, abin da ta kankaro a gindin tukwane shi suke kwana da shi. Tun daga lokacin, in ta ga ana zubar da abinci sai ta ji kamar fatar jikinta ake yanka.

Yarinyar gidan ba ta daɗe da shiga firamare ba. Tsuntsuwa ake ce mata, don ba ta cin abinci, tsinta take yi: loma biyu ta ture faranti ta ce ta ƙoshi. Uwarta, wadda Goggo ba ta daina kira Amarya ba duk da shekarun da auren ya yi, ta yi lallashi ta yi faɗa har ta gaji. Amma in Goggo ta juya abincin jiya ta sake masa kama, sai yarinyar ta zauna ta cinye tas. Wannan abu yana yi wa Goggo daɗi fiye da yadda take nunawa.

Ana cikin hutun makaranta, ana zafi kamar a kasko, firij ɗin gidan ya mutu. Da safe Amarya ta buɗe ta ji ɗumi ya bugi fuskarta. Ta ciro kwanon farar shinkafar da ta rage jiya, ta shinshina, ta ajiye a kan tebur.

"Yaya, wannan a zubar da ita, ta kwana ba sanyi. Ga taliya nan, ki dafa wa Tsuntsuwa da rana."

"To," in ji Goggo.

Amarya ta suri jakarta ta sauka daga bene da gudu don kada mota ta wuce ta.

Goggo ta yi shara, ta yi wanki, tana wucewa ta gaban kwanon tana satar kallonsa. Shinkafa ce mai yawa, za ta ƙosar da mutum uku. Da rana ta yi, ta ɗauki kwanon da niyyar juyewa a kwando, har ta taka murfin ya buɗe, sai hannunta ya ƙi. Ta kai hanci. Ba tsami. Ta sa yatsa ta tona, ta ji ɗan yauƙi daga ƙasa, kaɗan ne, wanda ba kowa zai lura da shi ba. Ta ce a ranta yaran yanzu komai tsoro, ai wuta ba ta barin komai da rai. Ta kwashe ta saman, ta yanka albasa da karas, ta fasa ƙwai, ta soya har ƙwayoyin suna tsalle a kasko. Ƙamshi ya cika gidan.

Tsuntsuwa ta ci faranti guda ta miƙo a ƙara. Goggo ma ta ci nata. Ta wanke kwanon ta kife, ledar taliya kuwa tana nan inda aka bar ta.

Rana ba ta gama yin sanyi ba yarinyar ta bar wasan da take yi ta zo ta kwanta a cinyarta ta ce cikinta. Kafin Goggo ta tashi ta ɗebo ruwa, amai ya ɓalle. Ta share, wani ya biyo. Ta ba ta ruwa ya dawo. Yarinya da ma ba jiki gare ta ba, nan da nan idanunta suka faɗa, wuyanta ya langaɓe. Goggo ta kira Amarya a waya, sannan ta goya yarinyar ta sauko matakala ba ko takalmi ɗaya a ƙafarta, sai da maƙwabciya ta biyo ta da silifas.

A asibiti aka kwantar da Tsuntsuwa a wani gado kusa da taga, aka sha wahala kafin a samu jijiya a sa mata ruwa. Amarya ta iso da rigar aikinta, Direba ya biyo baya yana haki. Likita, wata mata mai gilashi da gajiya a fuska, ta tambaya me yarinyar ta ci yau.

"Shayi da burodi da safe," in ji Amarya da sauri. "Da rana taliya, sabon dahuwa. Ba ta cin komai a waje, likita."

Likita ta sunkuya za ta rubuta. Goggo tana tsaye a ƙarshen gado, ta riƙe ƙarfen da hannu biyu. Ba wanda ya kalle ta. Yarinyar ba ta cikin hayyacin da za ta yi magana. Goggo ta dubi hannun nan siriri da aka ɗaure da filasta, sai ta ji maganar ta fito da kanta.

"Ba taliya ba ce. Shinkafar jiya ce na soya mata."

Amarya ta juyo a hankali. "Wace shinkafa?"

"Wadda kika ce a zubar."

Likita ta tambayi yadda aka ajiye ta, Goggo ta faɗa, har yauƙin ba ta ɓoye ba. Ta ƙara da cewa ta soya ta sosai, ita ma ta ci, ga ta garau. Likita ta ce dafaffiyar shinkafa in ta daɗe a ɗumi tana iya yin wata guba da suya ba ta kashewa, kuma abin da babba zai ɗauka yaro ba lalle ya ɗauka ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce gara da aka faɗa, ta wuce gado na gaba.

Goggo ta so a ce Amarya ta zage ta. Da ta ɗaga murya, da ta ce mata tsohuwar banza, da abin ya zo da sauƙi.  Amma sai Amarya ta ja kujera ta zauna tsakanin Goggo da gadon, ta ba ta baya. Direba ya rasa wadda zai kalla, ya fita wai zai sayo ruwa.

Allah ya taƙaita, bayan 'yan kwanaki aka sallame su. An gyara firij. Amma gidan ya zama wani iri. Amarya tana gaishe da Goggo yadda ta saba, ba ta rage ko harafi ba, sai dai kullum da an gama cin abincin yamma takan tashi da kanta ta tattara tukwane. Duk abin da ya rage, ko yanzu aka sauke, ko yana turiri, sai ta kankare shi cikin kwando. Nama, wake, miyar da aka ɓata rabin yini ana yi. Goggo tana zaune a falo tana jin ƙarar cokali a gindin tukunya, tana jinta har cikin haƙoranta, ba ta da bakin cewa a bari.

Sai ta koma auna girki daidai ciki, don kada a samu abin zubarwa. Ran nan Direba ya dawo da yunwa, ya cinye nasa ya leƙa tukunya ya tarar fayau.

"Yau kuma kasko ya yi rowa, Yaya?" ya faɗa da dariya. Ba wadda ta taya shi. Ya haɗiye dariyarsa ya jiƙa burodi a shayi.

Wanda ya fi ci mata rai shi ne Tsuntsuwa. Yarinyar ba ta guje ta ba, tana hawa cinyarta, tana sa ta yi mata kitso. Amma da ta ajiye mata faranti sai ta leƙa ciki ta tambaya, "Goggo, na yau ne?" Ko an ce mata na yau ne, sai ta jira uwarta ta dawo. Ta ƙara ramewa, rigunanta suka yi mata yawa.

Wata Asabar da hantsi, Amarya ba ta je aiki ba, ta shiga ɗakin Goggo neman almakashi ta tarar da ita tana ninke kaya cikin akwati.

"Ina zuwa, Yaya?"

"Zan je wajen 'yar ƙawata in kwana biyu. Ku ɗan sha iska."

 Amarya ta matso ta zauna a gefen katifa, abin da ba ta yi ba tun daga asibiti.

"Ba zan yi miki ƙarya in ce na huce ba," ta ce. "Ban huce ba. Na ce ki zubar, kika ce to. Da kin ce a'a, da mun yi gardama na zubar da hannuna. Wannan ‘to’ ɗin shi ne yake cina. Yanzu ina kanti ina gwada wa mutane takalma, hankalina yana kan abin da ke cikin kaskonki."

Goggo ta sunkuyar da kai. "Na ɗauka na fi ki sani. Shekara nawa ina yi ban taɓa kwantar da kowa ba."

"Kin fi ni sanin girki, wannan ba gardama. Ni ma abin da nake yi da yamma ba daɗinsa nake ji ba. Jiya da na juye kazar nan sai da na shiga banɗaki na yi kuka. Guminmu ne. Amma in na bar ta ba na iya barci." Ta share ido da bayan hannu. "Kuma na san da kin yi shiru a gaban likita, da har yau ban sani ba. Na juya wannan a raina ya fi a ƙirga. Shi ya sa ba na so ki tafi."

"Yarinyar ba ta cin abin hannuna."

"Ba ta cin na kowa. Haka muka gan ta."

 Daga ƙasa ana jin masu gyaran taya suna buga ƙarfe. A ƙarshe Amarya ta ce abin da ya rage a bar shi ya huce a sa a firij nan take, washegari Goggo ta juya shi yadda ta ga dama. Amma abin da ya kwana a waje, ko wanda ɗayarsu ta yi shakka a kansa, ba shawara, sai kwando. Goggo ta buɗe baki za ta ce to, ta fasa.

"Zai yi mini wuya," ta ce. "Amma zan yi. Ranar da na ji ba zan iya ba, zan faɗa miki a fuska."

Ba a yi mako ba aka gwada ta. An ɗauke wuta tun safe har yamma, ga rabin tukunyar wake a firij. Ta buɗe, ta shinshina, ba ta ji komai ba. Hancinta ya ce lafiya lau, hannunta har ya kai ga albasa. Ba kowa a gidan sai ita da Tsuntsuwa da ke zane a ƙasa. Ta tsaya riƙe da murfi har yatsunta suka gaji. Sannan ta ɗauki tukunyar gaba ɗaya, ta sauka matakala da ita, ta je babban bolan da ke bakin titi ta juye, ta kawar da kai don kada ta ga yadda waken ke zuba a kan ledoji da ɓawon kankana. Wani mai gyaran taya ya gaishe ta, ba ta ji ba.

Da Amarya ta dawo Goggo ta faɗa mata. Amarya ta ce, "Sannu, Yaya," ta taya ta yanka albasar sabon girki.

Goggo ta zauna a gidan. Burodi da ƙwai ya dawo, romon kan kifi ya dawo, Direba ya koma suɗe hannu, ko da yake ya daina yi mata barkwanci a kan girki. Tsuntsuwa ta fara karɓar dankali daga hannunta, wata rana ta ci, wata rana ta ture. Shinkafa kam har aka koma makaranta ba ta ƙara sa ta a baki ba, ko ta jiya ko ta yau. Goggo takan zuba mata kaɗan a gefen faranti, in an tashi ta tarar da ita yadda ta zuba, ta ja farantin gabanta ta cinye.