Makulli a Kan Ƙusa

Tun da suka bar haya a gari suka tare a filinsu na kan tudu, da kaji da awaki da ɗan lambu, maigidan ya ɗau alwashin bakanike ba zai ƙara cin kuɗinsa ba. Tsohuwar akori-kurarsu, wadda tsatsa ta riga ta fara ci, shi ya zame mata likita. Ba wanda ya koya masa; kwancewa yake ya mayar, in ƙusa ta yi saura ya sake kwancewa. Matarsa ta sa masa suna Injiniya, tana cewa shi kaɗai ne injiniyan da kaji suka ba shi satifiket.

Da yake su biyun duk suna tuƙi, sai suka yi doka guda. A bayan ƙofar kicin akwai ƙusa. In makulli na rataye a jikinta, mota lafiya lau, kowa ya ɗauka ya tafi ba sai ya tambaya ba. In ya buɗe mata ciki, makulli na aljihunsa har ya gama. Shi ya kafa dokar, shi ya buga ƙusar.

Ran nan da safe ya shiga ƙarƙashin motar ya tarar bututun birki na baya ya ruɓe, yana tsatsafo. Sabo ya fi ƙarfinsa a watan, don haka ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya sa a aljihu, da niyyar gobe ya je wurin masu tsofaffin kayan mota ya gwada ya samo irinsa. Yana fitowa ya ji awaki sun ɓalle shinge sun faɗa lambu. Ya ruga kicin ya ɗauki igiya, ya yi ƙasan fili.

Aikin shinge ya ci shi har hantsi ya dubi ludayi. Da ya dawo, inuwar bishiyar da motar ke kwana ba mota, sai kwalin da yake kwanciya a kai da sifanoni a zube. Ya laluba aljihu. Guntun bututu kaɗai ya taɓo. Ya shiga kicin: ƙusa wayam, kiret-kiret na ƙwai da ke jere a gefe su ma babu. A nan ya tuna. Da hannu ɗaya ya ɗauki igiya, ɗaya hannun kuma ya rataye makulli a ƙusa, yadda ya saba yi duk ya shigo ɗakin. Sabo turken wawa.

Ya kira wayarta, ta yi ƙara a kan tagar kicin.

Abin tsoron shi ne ya san motar. Ba za ta nuna komai a tsakar gida ba. Taku na farko birki zai kama, na biyu ma haka, amma kowane taku yana tsiyayar da mai ta yankakken bututun. Hanyar kuwa daga ƙofarsu shimfiɗe take har gonar maƙwabci, sannan ta zube gangara, ta yi kwana a bakin gada. Man zai ƙare daidai inda ake nemansa.

Ya fita da gudu. A ƙofar shinge ya ga jiƙaƙƙen wuri a ƙasa, inda ta tsaya ta rufe. Gaba kaɗan, wurin ramin da suke rage gudu, wani. Ya bi su kamar mai bin sawun jini, kowane ya fi na baya ƙanƙanta. Yana gudu yana ciniki da Ubangiji: a ɗauki motar, a ɗauki awakin, a ɗauki filin. Wata zuciyar kuma, mara kunya, ta soma shirya masa abin da zai gaya wa yayanta, mutumin da ya sha ce masa araha ba ta ado, birki ba abin koyon sana'a ba ne. Tsohon bututu ai yakan fashe a hanya. Wa zai sani? Ya tsani kansa da tunanin, amma tunanin bai fita ba, kuma ya lura hannunsa na damƙe da aljihun.

A bakin gangara alamar ta ɗauke. Ƙasa busasshiya har iya ganinsa.

Ya tsaya. Ya saurara ko zai ji ihun mutane daga gada. Iska kawai yake ji a cikin masara. Shirun ya fi ihu muni. Ya sauka yana jan ƙafa, idonsa a kan kwanar, yana tsoron isa.

Bai kai kwanar ba ya ga inda shinge ya kwanta, masarar maƙwabci ta buɗe hanya kamar an yi aski. Can ciki motar ta kafa hanci a kunya, gilashin baya duk gwaiduwa. Matarsa na zaune a ƙasa, leɓenta ya fashe, tana riƙe da kafaɗa. Dattijon mai gonar na tsaye a kanta da fartanya.

Dattijon ne ya ba shi labari: ya ga motar ta taho tana kuka, matar ta sauke giya, ta ja birkin hannu, da ta ga ba haza sai ta karya kan mota cikin gonarsa. Ya ce masara dai ta tafi, amma bai taɓa ganin mace mai zuciyar wannan ba. Sannan ya leƙa ƙarƙashin motar, ya girgiza kai.

"Tsohon ƙarfe ke nan, ɗana. Bututu ya fashe. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa."

Ga ƙofa an buɗe masa. Shiru kawai zai yi.

Matar ba ta dubi dattijon ba. Mijinta take kallo.

"Injiniya, a ƙusa na same shi."

Ba tambaya ta yi ba, amma ya ga tana jira. In ƙarfe ne ya ci amanarta, gobe ma za ta miƙa hannu bayan ƙofa ta ɗauka. Ya zaro guntun bututun, mai yankan zarto fes a baki biyu, ya ɗora mata a tafin hannu.

"Ni na yanke. Ni na rataye."

Ta daɗe tana juya shi. Dattijon ya sami abin yi da fartanyarsa. Da ta tashi, shi ta dafa, ba mijin ba.

Kafaɗar ta warke, motar ma ya gyara ta, har ya kai wa bakanike ya duba. Ƙusar tana nan, makulli na rataye. Sai dai yanzu duk za ta fita, takan zo ta same shi ko yana ƙarshen fili, ta tsaya ta tambaye shi. In ya ce lafiya lau, sai ta je ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin motar da kanta.