Gindin Ƙwarya

A Sabon Birni, in aka ambaci Na'Allah mai zanen ƙwarya, abu biyu ake faɗa: hannunsa na da kyau, bakinsa na da nauyi. Masu fura sun ce ko kyauta ka ba shi, kai kawai zai gyaɗa. Maƙera sun ce ba a taɓa jin ya ce an gode ba, balle a yi haƙuri.

Da matarsa Mairama ta rasu, ya ajiye wuƙaƙensa har suka yi tsatsa. Mutane suka yi abin da suka iya. Fadima, Bafulatanar Kurawa, takan bar masa ludayin nono a bakin zaure. Wada maƙeri ya kwashe wuƙaƙen, ya wasa, ya mayar. Jibrilla ɗan kabu-kabu ya riƙa ɗora shi a babur ran kasuwar garin Isa, wai ya sha iska. Shi kuwa Sodangi, abokinsa tun suna kiwon awaki, wanda yanar ido ta makantar, da hantsi yakan lallaɓo da sandarsa ya zauna gefen tabarma. Ba ya cewa komai. In azahar ta yi ya tashi.

Bayan kaka Na'Allah ya hura wuta. Ya zaɓi babbar ƙwarya, ya yi ta gasa wuƙa yana zane. Ya fitar da siffar ludayi, ya fitar da ta dutsen washi, ya zagaye baki da sawun tayar babur. Gindin ya bar shi fari, kamar yadda ake yi, tunda shi ke zama kan gammo, ba mai ganinsa.

Ran kasuwa ya kife ta a rumfarsa, ya hana tayi. Abokan suka taru.

"Kai, wanga sawun tayata na!" in ji Jibrilla. "Har da inda ta suɗe. Baba, tona mini asiri za ka yi?"

Fadima ta ce ludayinta bai kai haka girma ba, kada a ja mata masu roƙo. Aka yi dariya. Na'Allah ya ji kamar ya sauke kaya.

Sodangi ya miƙo hannu. Aka ɗora masa ƙwaryar a cinya, ya bi ta da yatsa a hankali, yana faɗin sunan kowa. Ya zagaya ya dawo kan ludayin. Ya sake zagayawa. Sannan ya miƙa ta, ya laluba sandarsa.

"Ta yi kyau," ya ce. "Za ni gida."

Nan Na'Allah ya gane. Duk kwanakin da ya yi yana zane, mutumin na zaune kusa da shi yana shaƙar hayaƙin, amma ko sau ɗaya bai faɗo masa a rai ba.

Jibrilla ya yi wuf ya ɗauki ƙwaryar. "A'a, Baba Sodangi, taɓa nan. Gindin ai kai na. Shi ad ɗauke da kowa, shi ya sa aka bar shi ba zane. Ko ba haka ba, Baba Na'Allah?"

Maganar ta yi daɗi, har Wada ya ce ƙwarai. Abin da ya rage Na'Allah ya gyaɗa kai, abin da ya fi iyawa. Sai dai Sodangi ba ya ganin gyaɗa kai. Ya tsaya, kunnensa na wajen abokinsa, yana jira. Na'Allah ya san in ya bar shi ya tafi da wannan, gobe da hantsi tabarma ba kowa.

Ya gyara murya.

"Ba haka ba na. Kowace ƙwarya haka nika barin gindinta. Mance ka na yi, Sodangi. Ka yahe mini."