Fanbel ɗin da Ke Bayan Kujera

"Ɗaga ta wajen kai, Rahimdad, a hankali!" in ji Fazal Rabi.

Muka cicciɓi gadon igiyar da mahaifinsa a kai, muka tura shi bayan a-kori-kurata, inda na saba loda kwandunan tuffa. Mahaifin nasa, Kaka Sherzaman, ya dafe ƙirji, gumi ya jiƙa masa gemu. Motata kaɗai ce a layinmu da hantsin nan, asibiti kuma sai garin Mingora.

Shekara arba'in ya yi yana bakanike kafin idonsa ya mutu. Tun daga nan yake wuni a ƙofar gida da butar shayinsa, yana sauraren motoci. Ni kuwa na huda salansata da bazara, don in na taka totur a ji ni har ƙetaren kogi.

"Kai ɗan Gulzada," ya ce da ni sati uku da suka wuce, "motar taka gudawa take yi?"

"Zaki ne, Kaka. Gurnani yake."

"Jaki dai. A ƙarƙashin hayaniyar nan fanbel ɗin injinka na kuka. Kai ba ka ji?"

"Kunnenka ne ke kuka, Kaka. Tsufa ne."

Abokaina suka fashe da dariya. Washegari ya aiko min da sabon fanbel naɗe a jarida. Na cusa shi bayan kujerar mota, na manta.

Yanzu ga Kaka kwance a bayana, ɗansa na riƙe da kansa. Na taka mota iya ƙarfina. Salansa na ta aman ƙara tsakanin duwatsu, har na ji wani ɗan alfahari, wai yau za su ga amfanin zakin. Ban ji komai ba sai ita. Ban dubi allurar zafin injin ba.

Mun wuce gada ke nan tururi ya turnuƙe gilashi. Injin ya yi wata irin shaƙuwa, ya ɗauke.

Na diro. Gefen hannun Fazal Rabi na dama ya kumbura, ya yi ja.

"Tun daga kwanar masallaci nake dukan rufin nan!" ya ce. "Baba ya ce kukan ya daina, fanbel ya tsinke, ka tsaya. Kurma ne kai?"

Aikin minti goma ne da na tsaya. Yanzu injin ya riga ya ƙone.

Na zagaya wajen gadon, na kasa kallonsa. Kaka ya lalubo hannuna.

"Ka sa wanda na ba ka?"

Na zare hannuna, na juya zan nufi injin.

"Kada ka buɗe lagireto yanzu," ya ce, numfashinsa na yankewa. "Zai ƙona ka."

Sai da muka yi kusan awa ɗaya kafin wata motar itace ta tsaya. Kafin mu sauke gadon, Fazal Rabi ya riga ya shafe wa mahaifinsa ido.

Aka zauna zaman makoki. Na yi ta zuba wa baƙi shayi, kaina a ƙasa. Da Fazal Rabi ya miƙo kofinsa, da hannun hagu ya miƙo, na daman har yanzu a kumbure.

Rana ta huɗu aka jawo motar zuwa ƙofar gidanmu. Na tura kujera gaba. Ƙunshin na nan, ɗaure da zaren buhu, ƙulli biyu irin nasa. Na zauna da shi a cinya. A ƙetaren layi an jingine gadon igiyar da bango, yana shan rana.