Mai Gadin da Aka Bari Yana Kallo

Ranar Talata ce, wajen ƙarfe goma na safe, Iya Limunga tana ɗaure ƙullin koki, wato alalen wake, a ganyen ayaba a rumfarta ta Molyko cikin garin Buea, sai wayarta ta yi ƙara. Hannunta duk manja, ta danna da bayan yatsa. Wani jandarma ne, ya tambaya ko ita ce uwar Etonde. Ya ce birkin motar Douala ya tsinke a gangaren Mutengene, mutum biyar sun rasu, ta zo ta duba. Ta ce to. Ta ƙarasa ƙullin da ke hannunta, ta sa shi a tukunya, sannan ta tafi ta duba. Etonde na cikin biyar ɗin.

Etonde ita kaɗai Allah ya ba ta, shekararta ashirin da tara. Neman aiki za ta je Douala, don a Buea babu mai ɗaukarta kuma. Wata biyu kafin nan aka kore ta daga kamfanin Mola Ndive, mai gina wa mutane shafukan intanet. Wani ƙaramin asibitin mata ya ba kamfanin aikin shafin da mata ke sa suna don ganin likita. Ɓarayi suka shiga shafin suka kwashe sunayen mata ɗari huɗu, kowace da ciwon da ya kai ta, takardar ta bazu a wayoyi. Mola Ndive ya shiga gidan rediyo ya ce ma'aikaciyarsa mai kula da tsaro ce ta yi sakaci, ya kama sunanta har sau uku.

Ranar binnewa kujerun da aka hayo rabinsu babu kowa. Wata mata da mijinta ya kora saboda takardar nan ta tsaya a bakin hanya ta tofa yawu da akwatin gawar ya wuce. Mola Ndive ya aiko da furanni da katan ɗin lemo. Iya Limunga ta zubar da lemon a kwata, kwalba bayan kwalba.

Ta sa baƙaƙen kaya ta koma rumfa. Abin da ke ranta ɗaya ne, ta ga bakin da ya kama sunan 'yarta ya rufu a gaban jama'a. Ta yi tunanin boka. Ta yi tunanin abin da za ta iya sa masa a abinci, don ita ke kai koki da agade taron masu kwamfuta da ake yi Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, shi kuwa ƙulli biyu yake ci. Amma in ya mutu da sunansa mai kyau, sunan Etonde yana nan a kwata.

Karatunta bai wuce aji huɗu ba, sai dai aikin asibitin nan ta san shi, don a rumfarta aka yi rabinsa. Da la'asar Etonde kan zo ta baje kwamfuta a kan benci tana cin ƙanzon tukunya tana bayani, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba.

"Mami, shafi kamar rumfarki ne. Akwai manhajar da ake jera kaya a ciki. Guda biyu nake gwadawa, duk na kyauta ne, kowa na iya buɗe cikinsu ya ga yadda aka ƙera su. Ɗaya mai sauƙi, ko ke za ki iya, amma kowa na liƙa mata ƙari, kowane ƙari kuma taga ce. Ɗayar taurin kai gare ta, sai an sha wuya a koya, amma ƙofofinta kaɗan."

"Ki ɗauki mai taurin kan, ta yi kama da ke."

"Ita na ɗauka. Saura mai gadi."

Mai gadi shi ne manhajar da ke tsayawa a bakin shafi tana duba duk mai shigowa. Su ma uku ta gwada, ta raɗa musu suna. Tsohon Soja ya san fuskar ɓarayi da yawa, amma nauyi gare shi, wani lokacin har mutumin kirki yakan riƙe. Ɗan Tsere sabo ne, sauri gare shi, bai gama gogewa ba. Sarkin Ƙi kuwa kowa yake hanawa sai wanda aka rubuta masa sunansa. Mako uku tana turo musu ɓarayin ƙarya tana rubuta wanda ya kama da wanda ya bari ya wuce. Tsohon Soja ta zaɓa wa asibitin.

"Amma Mami, duk wanda kika ɗauka, tambaya ɗaya ce. Kallo yake ko tarewa? Akwai inda ake juyawa. In kallo kika sa shi, zai ga ɓarawo, ya rubuta ƙarfe nawa ya shigo da irin takalminsa, ya bar shi ya wuce."

"Irin mai gadin cocinmu ke nan."

Etonde ta yi dariya har ta ƙware.

Da aka kore ta, kwana uku ba ta fita daga ɗaki ba. Abin da ta ce wa uwarta kawai shi ne, "A tarewa na bar shi, Mami." Ta rufe kwamfutar ta sa ƙarƙashin gado, ta ce ba ta da ƙarfin ja da mai kamfani. Ko ranar tafiya Douala ba ta ɗauka ba.

Bayan kwana arba'in Iya Limunga ta jawo kwamfutar, ta aika a kira mata Namondo, ƙawar Etonde da suka yi aiki tebur ɗaya. Namondo ta zo da rana tsaka, ta zauna a bakin kujera kamar mai jiran allura.

"Namondo, 'yata ta ce a tarewa ta bar shi. Ke kin san aikin nan. Ƙarya ta yi mini?"

"Ba ta yi ƙarya ba, Mami."

"To wa ya juya?"

Namondo ta dubi kwamfutar. Iya Limunga ta buɗe kwamfutar da kanta, don Etonde ta koya mata saboda shafin odar koki da ta gina wa rumfar, ta tura mata. Namondo ta daɗe tana danne-danne kafin ta yi magana, idonta a ƙasa. Ta ce a aikinsu ba a taɓa komai sai ya shiga tarihin gyara, da sunan wanda ya taɓa, da rana, da dalili. Bayan ɓarna Mola Ndive ya goge tarihin da ke ofis. Amma duk wanda ya taɓa jawo aikin zuwa kwamfutarsa, tarihin gaba ɗaya yake jawowa.

Ta nuna layi ɗaya. Ranar tara ga Maris, Ndive. Ya liƙa wa shafin wani ƙari mai ƙyalƙyali da ya samo a bayan fage don ya burge shugabar asibitin, Tsohon Soja ya ƙi barin ƙarin ya yi aiki, shi kuma ya juya shi zuwa kallo. Dalilin da ya rubuta: na ɗan lokaci ne, zan mayar bayan an nuna musu. Bai mayar ba. Ta tagar ƙarin nan ɓarayin suka shigo, mai gadi yana kallo yana rubutawa.

Iya Limunga ta sa ta karanta sau biyu. Sannan ta ce, "Duk wanda ya jawo aikin, kika ce. Ke kin jawo?"

"Na jawo, Mami."

"Yana cikin taki ke nan ranar da ya shiga rediyo."

"Mami, ina da yara biyu."

"Ni ɗaya gare ni."

Namondo ta fara kuka. Iya Limunga ba ta rarrashe ta ba. Ta ce, "Share idonki. Asabar ta sama wa ke magana a taronku?"

Mola Ndive ne. Zai yi bayani a kan yadda ake zaɓar manhajar shafi da mai gadi.

Ranar taron ta dafa koki mafi kyau da ta taɓa dafawa. Ta kai kula biyu zauren, ta raba, ta miƙa wa Mola Ndive ƙulli biyunsa da hannunta.

"Mami Etonde, ya haƙuri? Kin ga furannina?"

"Na gani, Mola. Ci, kada ya huce."

Zauren ya cika da samari da 'yan mata, kowa da kwamfuta a cinya. Shugabar asibitin ma an gayyace ta, tana layin gaba. Mola Ndive ya hau ya kunna majigi. Abin da ya fito a bango jadawalin Etonde ne, manhajoji biyu da masu gadi uku, da lissafin ɓarayin ƙaryar da kowanne ya kama. Sunayen da ta raɗa musu kawai ya cire. Ya ce mako uku ya yi yana gwaji. Ya ce kayan aiki ba su da laifi, matsalar ita ce ka ba amanar tsaro ga wanda bai kai ba. Aka tafa.

Al'adar taron ce, in mai magana ya gama, duk wanda ke cikin zauren yana iya tambaya, kuma in aka ce a nuna a bango, sai an nuna. Suna alfahari da wannan, don sun ce kayansu a buɗe suke, ba a ɓoye ciki. Iya Limunga ta ɗaga ludayin da ke hannunta.

Mai gabatarwa ya yi dariya. "Mami Koki na da tambaya. Ko barkono za ki ƙara wa mai gadin?"

"Mola," ta ce, "ni ban yi karatu ba. Mai gadin da aka sa wa asibitin mata, ranar da ɓarayi suka shiga, kallo yake ko tarewa?"

Dariyar ta tsaya. Mola Ndive ya goge bakinsa. "Kallo yake, Mami, abin takaici. Ba na son tayar da maganar wadda ta riga mu."

"Wa ya sa shi kallo?"

"An riga an yi wannan bayanin."

"A nuna a bango."

"Tarihin ya lalace lokacin ɓarnar."

"Na 'yata bai lalace ba."

Ta ciro kwamfutar daga cikin kwandon agade, ta ratsa tsakiyar zauren da baƙaƙen kayanta, ta miƙa wa mai gabatarwa. Ya dubi Mola Ndive, ya dubi jama'a. Wani daga baya ya ce, "A nuna mana, ai doka ce." Ya jona. Layin ya fito a bango, kowane harafi kamar tafin hannu. Tara ga Maris. Ndive. Na ɗan lokaci ne, zan mayar.

Wani ya yi tsaki mai tsawo. Wata ta ce, "Na ɗan lokaci, uban kowace ɓarna."

Mola Ndive ya ce, "Kwamfutar wadda aka kora ce. Kowa zai iya rubuta abin da ya ga dama ya sa sunana."

Iya Limunga ta juya ta tsayar da ido a kan Namondo. Ta daɗe tana kallonta. Namondo ta miƙe da kwamfutarta a hannu, ta ce nata tarihin ma haka yake, layi ɗaya, rana ɗaya. Can gefe wani ma'aikacin kamfanin mai suna Mokake ya buɗe tasa ya duba, ya ce a hankali, "Nawa ma." Tarihin nan kowane layi ɗaure yake da na gabansa, masu zauren duk sun sani, ba a ƙirƙirar ɗaya ya yi daidai a kwamfuta uku.

Shugabar asibitin ta tashi ta tambayi mai gabatarwa ya fassara mata layin da bakin mutane. Ya fassara. Ta ɗauki jakarta, ta ce wa Mola Ndive lauyansu zai neme shi, ta fita.

Shi kuwa ya tsaya a gaban majigin, hasken ya rubuta sunansa a kan farar rigarsa. Ya buɗe baki.

"Sau uku ka kama sunanta a rediyo, Mola," Iya Limunga ta ce. "Kama shi yanzu, sau ɗaya. Wa ya yi gwajin da ka nuna?"

Bai kama ba. Mai gabatarwa ne ya faɗi sunan Etonde, sannan zauren ya ɗauka. Ta naɗe kwamfutar ta mayar kwando, ta tattara kulolinta. Ƙulli ɗaya ya rage a farantin Mola Ndive, ta ɗauke shi ma.

Cikin makon asibitin ya sa aka karanta takarda a rediyon nan, an wanke Etonde. Kamfanin ya rufe kafin damina ta ƙare, an ce mai shi ya koma Yaoundé. Matar da ta tofa yawu ta zo rumfa wata rana ta tsaya a gefe. Iya Limunga ta zuba mata koki, ta miƙa mata. Namondo tana zuwa gaisuwa, ana amsa mata, ba a ba ta kujera.

Ta zaci in ta ga bakinsa a rufe wani abu zai sauka daga ƙirjinta. Bai sauka ba.

Shafin odar koki yana nan yana aiki, da Tsohon Soja a bakinsa. Kullum da safe, kafin ta jiƙa wake, Iya Limunga takan wanke hannu ta buɗe kwamfutar a kan bencin, ta shiga inda Etonde ta nuna mata. Ba ta karanta yawancin abin da ke wurin. Kalma ɗaya take nema, ta bi ta da yatsa, ta ga tarewa yake. Sannan ta rufe ta hura wuta.